Katin Intel AX200 a tsohuwar laftof: abin da ya gyara da abin da bai taɓa ba

Wanda ke sauri, ga hukuncina tun daga bakin ƙofa: idan laftof ɗinka ta kwana biyu amma tana aikinta lafiya lau, Wi-Fi ne kaɗai ke ɗaga maka hankali, to katin Wi-Fi na Intel AX200 ya isa a saye shi. Na sa shi a tawa, na sa wani mai ƙwaya (chip) iri ɗaya a ta ƙanwata, kuma da za a ce in sake, zan sake. Sai dai shi katin, a duk cikin al'amarin, shi ne mai sauƙin. Abin da zai sa ka yi murna ko ka ciji yatsa yana nan kwance a cikin kwamfutarka tun kafin ka yi oda: wane irin gurbi ne a ciki, wayoyin eriya nawa ne, BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, na karɓar baƙon kati ko ba ta karɓa, kuma wane Windows ne a kanta.

Tawa ƙirar 2016 ce, mai Core i5. Tuni na ƙara mata RAM, na cire faifan ajiya mai juyawa na sa SSD, ta farfaɗo yadda nake so. Abin da ya rage shi ne ɗan katin Wi-Fi da aka sa mata tun daga masana'anta don a rage kuɗin ƙira. Na ƙa'idar 802.11n ne, wadda aka tabbatar tun 2009, zango ɗaya kawai yake kamawa, wato 2.4 GHz, kuma ta hanya ɗaya tak yake aikawa yake karɓa. Megabit 72 a daƙiƙa Windows ke nuna mini, ko da kuwa na ɗora kwamfutar a kan rautar ne, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi ɗin. Da safe babu laifi. Da maraice kuwa, in maƙwabta sun dawo kowa ya kunna nasa, sai kiran bidiyo ya riƙa daskarewa, murya ta zo a tsintsinke, fuskar mutum ta tsaya cak da baki buɗe. In na sa abin kunne na Bluetooth ina kuma sauke babban fayil, sauti ya dinga sarƙewa. Wayata tana gefe a kan teburi ɗaya, a rauta ɗaya, amma ko a jikinta. Wannan shi ya wanke masu ba ni intanet, ya wanke rautar, ya bar katin shi kaɗai a tsaye.

Laifin ma ba nasa ba ne duka, na zangon da aka tsare shi a ciki ne. A 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Duk rautocin da ke kewaye da kai a nan suke cunkushe. Ga Bluetooth a wurin, ga linzamin kwamfuta mara waya, ga na'urar ɗumama abinci da ke aiki a wajen 2.45 GHz, har kebul ɗin USB 3.0 mara kyakkyawan rufi yana zubo hayaniyarsa a wannan zango. Shi kuwa Wi-Fi tsarinsa shi ne na'ura ta kasa kunne tukuna, in ta ji wani na magana a tashar ta yi shiru ta jira. Yawan masu magana, yawan jira. Zangon 5 GHz yana da tashoshi masu yawa da faɗi, kuma da yake siginarsa ba ta ratsa bango sosai, ta maƙwabcinka ma ba ta iso ka da ƙarfi. Rautata ta daɗe tana watsa 5 GHz ɗin. Laftof ɗin ce ba ta da kunnen jin sa.

AX200 ya fito a 2019. Ɗan falle ne, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 30, shi ya sa za ka ga an rubuta M.2 2230 a tallarsa. Babu kwali mai ƙyalli, babu takardar bayani. A 'yar leda mai kare wutar tsaye ya zo mini, ko noti babu a ciki, don haka ka adana na tsohon katinka. Yana kama zango biyu, yana aikawa ta hanya biyu yana karɓa ta hanya biyu, yana bin ƙa'idar 802.11ax da ake kira Wi-Fi 6, yana ɗaukar faɗin tasha har 160 MHz, ya san tsaron WPA3, ga Bluetooth 5 a jikinsa. Akwai abu ɗaya da ya kamata ka riƙe: ɓangaren Wi-Fi ta layin PCIe yake magana da kwamfuta, shi kuwa Bluetooth ta layin USB, duka biyun a cikin gurbi ɗaya. Yana aiki a kwamfutar Intel, yana aiki a ta AMD.

Kada ka yi oda sai ka kwance murfin ƙasa ka ga gurbin da idonka. Abin da aka rubuta a intanet game da samfurin kwamfutarka ba koyaushe yake daidai da abin da ke cikinta ba, domin samfuri ɗaya kan fito da kayan ciki iri-iri. Ɗaya cikin uku za ka tarar. Ko M.2, ɗan siriri mai noti ɗaya a ƙarshensa, wanda ya fara yaɗuwa daga wajen 2013 zuwa 2015. Ko mini PCIe, wanda ya riga shi, mai haƙora 52, wato 'yan layukan ƙarfe na bakin katin, da faɗin milimita 30, yawanci rabin tsayi. Ko kuma ka tarar an narka katin a jikin bod, kamar yadda ake yi wa siraran kwamfutoci da yawa. In haka ne ka mayar da murfinka ka ɗaure, magana ta ƙare. Yawancin MacBook ma nasu mahaɗi daban ne, wannan kati ba nasu ba ne. Sannan ka kula, ba kowane gurbi mai kama ba ne na Wi-Fi. Na mSATA kamanninsa ɗaya da mini PCIe amma na ma'ajiya ne, haka na katin layin waya. Inda ka ciro tsohon, nan sabon zai zauna. A M.2 akwai tsaga da ke bambanta gurabe. Na Wi-Fi su ne A da E, kuma AX200 yana da tsagar duka biyun, saboda haka duk wanda ka samu zai shiga.

Ramin da mutane suka fi faɗawa shi ne na lamba. Akwai AX200, akwai AX201. Kamanninsu kusan ɗaya, girmansu ɗaya, gudun da aka rubuta musu ɗaya, mai sayarwa ma wani lokaci a shafi ɗaya yake jera su. Amma AX201 rabin kati ne. Intel ta ɓullo da wani tsari mai suna CNVi, inda ta ɗauke wani ɓangare na aikin Wi-Fi ta mayar da shi cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta, ta bar ɓangaren rediyo kawai a jikin kati. In kwamfutarka ba ta cikin waɗanda aka ƙera da ɗaya rabin, katin zai iya zama daram a gurbi, ka kunna, ka ji shiru. A gidan AX, mai ƙarewa da 0 cikakke ne, mai ƙarewa da 1 rabi ne: AX200 da AX210 a gefe guda, AX201 da AX211 a ɗaya gefen. A tsarar da ta gabace su kuwa 9260 ne cikakke, 9560 rabi. Tsohuwar kwamfuta cikakke take so.

Sai eriya. Waɗannan 'yan wayoyi biyu da ka gani maƙale a kan katin, sun bi ta mahaɗar allo sun hau har saman fuskar kwamfutar, can ainihin eriyar take. Kawunansu iri biyu ne. Na zamanin mini PCIe ana kiran sa U.FL, na M.2 kuma MHF4, wanda ya fi shi ƙanƙanta. Ba sa shiga juna, kuma in ka matsa da ƙarfi sai ka lotsa ɗaya ko ka ɓalle shi daga jikin katin. Ka ƙirga wayoyin ma. Wasu kwamfutoci masu araha waya ɗaya aka ja musu. Katin zai yi aiki da ɗayar, amma a rabin ƙarfinsa, kuma Bluetooth, da ke raba eriya ɗaya da Wi-Fi, yana iya zama sai ka kusanto sosai. Ana sayar da eriya ta ciki mai manne da za ka iya ƙarawa. Wahalarta ita ce zura wayar ta mahaɗar allo, kuma duk inda za ka liƙa ta ya zama bayan roba ne, ba bayan ƙarfe ba. Tawa biyu na tarar, kuma duk da cewa da katin zango ɗaya aka sayar da kwamfutar, eriyar ta kama 5 GHz ba tare da gardama ba.

Batun BIOS kuwa shi ne wanda ba ka iya gani da ido. Akwai shekarun da wasu kamfanoni suka riƙa sa jerin katunan da suka amince da su a cikin BIOS, duk wanda ba ya cikin jerin kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Tsofaffin ThinkPad na Lenovo kuskure mai lamba 1802 suke nunawa, wasu HP na wancan zamani kuma 104, duka suna cewa ka kashe ka cire katin. Hujjar da ake bayarwa ita ce hukumomin sadarwa kati da eriyarsa suke tantancewa a tare. Daga baya an yi watsi da wannan ɗabi'a a yawancin samfura, amma mu da muke magana a kan tsofaffin kwamfutoci, mu ne ya fi shafa. Ka rubuta cikakkiyar lambar samfurinka ka bincika kafin ka fitar da kuɗi. Akwai masu sa BIOS da aka yi wa kwaskwarima don cire jerin. Ni ban ba ka wannan shawara ba sai in kana da wata kwamfutar, domin in rubutun ya katse a tsakiya, ko fayil ɗin ba na samfurinka ba ne, abin da zai rage a hannunka ko fitila ba zai kunna ba. Mai irin wannan kwamfuta gara ya nemi kati mafi kyau a cikin waɗanda kamfaninsa ya amince da su, mai ɗauke da lambar kayan gyara ta kamfanin.

Na ƙarshe a binciken shi ne manhaja. AX200 ba shi da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da kati, na Windows 7 ko 8.1, Windows 10 mai 64-bit yake so, ko 11. A Linux kuwa tun daga kernel (zuciyar tsarin) mai lamba 5.1 aka san shi, ta direban iwlwifi, sai ka kunna kawai ka gan shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsohuwar kwamfuta, tunda Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, shi kuma Windows 11 a hukumance daga tsara ta 8 na Intel yake farawa, tawa ba ta kai ba. Duk ranar da na koma Linux, katin zai bi ni.

Sa shi bai da wani tarihi. Ka sauke direbobi tun tsohon katin na ciki, kuma guda biyu ne, na Wi-Fi daban na Bluetooth daban. In ba haka ba sai ka nemo kebul ko ka ja intanet daga wayarka. Ka shiga saitin Bluetooth ka goge duk na'urorin da ka haɗa a da, domin in ka canza kati suna nan, sunayensu kan maƙale a jerin su ƙi goguwa. Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka zare caja, ka cire batir ko ka zare filoginsa in na ciki ne, ka taɓa wani ƙarfe don sauke wutar jikinka, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Noti ɗaya ne, katin zai ɗago da kansa, ka zare shi a karkace, ka sa sabon a karkace. Wurin da ake zufa shi ne mayar da kan eriya. Kamar maɓallin riga mai latsawa yake, sai dai bai fi ƙwayar gero ba: ka daidaita shi a tsaye sosai a kan ɗan zoben, ka danna da farce ko bayan wani abu na roba, za ka ji ɗan ƙas. In bai shiga da ɗan matsi ba, bai daidaita ba ne, ƙarfi ba zai shigar da shi ba. Ni na fi jin daɗin maƙala wayoyin katin na kan teburi a shimfiɗe, in tsawonsu ya kai, sannan in zura shi a gurbi.

Da kwamfutar ta tashi, kalmomin sirrin Wi-Fi da na adana duk sun tafi, domin Windows da kati take ɗaure su. Sai na sake shigarwa. Adireshin MAC, wato lambar da rauta ke gane kowane kati da ita, shi ma ya canza, saboda haka in rautarka ko ta wurin aikinka tana tantance na'urori da shi, sai an sabunta. Abu na farko da na duba shi ne ko abin da aka sayar mini shi ne a ciki. A Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, in ka buɗe bayanan katin ka duba lambar shaidarsa, AX200 na gaskiya zai nuna 8086 da 2723. AX210 kuma 2725. A Linux umarnin lspci -nn zai nuna maka haka. Takardar da ke manne a jikin kati kowa na iya bugawa, wannan lamba kuwa daga ƙwayar take fitowa.

To me ya canza? Umarnin netsh wlan show interfaces, in ka rubuta shi a Command Prompt na Windows, yana nuna ƙa'idar da kake kai, da tasha, da gudun mahaɗi. Rautata ta Wi-Fi 5 ce, wato 802.11ac ta 2013, saboda haka abin da na samu shi ne megabit 867 a ɗaki ɗaya da ita, maimakon 72. A gidan wani abokina mai rautar Wi-Fi 6 ya nuna 1201. Wancan 2400 da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla sai an haɗu da rautar da ke buɗe faɗin 160 MHz, kana kusa da ita, kuma babu na'urar hango jirage a yankin da za ta tilasta mata sauya tasha, domin wani ɓangare na wannan zango da su ake rabawa kuma su ne da fifiko. Ko an samu ma, ramin kebul na yawancin rautoci gigabit ɗaya ne, a nan abin zai tsaya. Sannan duk waɗannan lambobi na mahaɗi ne. Abin da ke isa hannunka tsakanin rabi ne da kashi biyu cikin uku. Inda na ga bambancin ƙuru-ƙuru shi ne kwafar fayil daga babbar kwamfutata da ke jone da kebul: a da wajen megabait 5, wato megabit 40, a daƙiƙa yake rarrafawa, yanzu ya haura ninki goma. Hotuna da bidiyon da nake kwasa da filashi saboda gajiya da jira, yanzu ta iska nake tura su.

Amma gwajin gudun intanet da safe kusan bai motsa ba, kuma wannan shi ne abin da nake so mai saye ya ji da kyau. Layin da nake biya bai kai abin da tsohon katin ke iya ɗauka a lokacin da iska ke shiru ba. Kati ba ya ƙara maka abin da ba a aiko maka ba. Abin da ya gyara shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin teburina da rautar, kuma a nan ɗin ya yi aiki na gaske: maraice ta zama daidai da safiya. Kiran bidiyo ya daina daskarewa. Shafi na buɗewa da na danna, babu wannan ɗan tsaikon da mutum ke zaton linzami ne bai danna ba. Abin kunne ya daina sarƙewa, tunda Wi-Fi ya tashi ya bar wa Bluetooth zangon 2.4. In na ɗaga murfin daga barci, kafin in gama shigar da kalmar sirri ta riga ta haɗu. Ni a wurina wannan natsuwar ta fi kowace lamba.

A ɗaki mai nisa, bayan bango biyu, 5 GHz na raguwa sosai, wani lokaci ta koma 2.4 da kanta. Halin zangon ne, ba na katin ba. Ko a can ɗin ya fi tsohon riƙo, saboda eriya biyu ke aiki tare. Batir ban ga ya ƙaru ko ya ragu ba. Dabarun Wi-Fi 6 da ake yabo, irin su OFDMA da ke raba tasha ɗaya ga na'urori da yawa a lokaci guda, suna nan kwance a cikin katin sai ranar da na canza rauta. In kuwa rautarka ita ma tsohuwa ce mai 2.4 kaɗai, ka fara da ita, in ba haka ba ka sayi kati mai gudu ka ɗaure shi a inda ka ciro na da.

Ta ƙanwata ita ce ta fi ba da aiki. Ƙirar 2012 ce, gurbinta mini PCIe mai rabin tsayi, kuma Intel ba ta ƙera AX200 a wannan siffa ba. Waɗanda za ka gani a kasuwa, wasu ƙananan masana'antu ne ke ɗaukar ƙwayar su ɗora ta a nasu allon mai siffar mini PCIe, da kawunan eriya irin na da. Ƙwayar ta Intel ce, direban ma na Intel ne, amma kyawun narki da ingancin allon ya danganta da wanda ya haɗa, kuma in ya lalace mai sayarwa kaɗai za ka tunkara. Irinsa na saya mata. Windows ta gan shi, direba ya hau, amma Wi-Fi ya yi ƙememe yana nuna a kashe yake, maɓallin kunnawa na kwamfutar kuma ko gezau. Dalilin shi ne haƙori na 20. Ta nan kwamfuta ke aika wa kati umarnin ya kashe rediyonsa, kuma wasu tsofaffin kwamfutoci in ba su gane katin ba sai su riƙe shi a kashe. Maganin ɗan ƙyallen salatif ne da za ka yanka siriri ka rufe wannan haƙori shi kaɗai. Yana bayan katin, shi ne na biyu daga tsaga a ɓangare mai faɗi. Aiki ne na hasken fitila da haƙuri, domin in salatif ɗin ya hau maƙwabcinsa ka ƙirƙiro sabuwar matsala. In Bluetooth ne ya ƙi tashi, haƙori na 51 ake rufewa. In an rufe bai tashi ba, mai yiwuwa ba a ja layin USB zuwa gurbin ba tun asali, wannan kuwa babu salatif ɗin da zai gyara. Abin da ka rasa shi ne maɓallin kashe Wi-Fi na jikin kwamfutar, sai dai ka kashe ta cikin Windows.

Da ƙanwata ta karɓa ta gwada, abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, ashe dai ba sai na zauna a bakin ƙofa ba." A ƙofar ɗakinta take jan kujera a da in za ta shiga darasi ta intanet.

Akwai wata hanyar ga mai mini PCIe, wato Intel 7260 na 2013, wanda Intel ɗin da kanta ta ƙera a wannan siffa. Yana kai megabit 867 a 5 GHz, yana da Bluetooth 4.0, yana da direba na Windows 7. Ka dai lura, katuna uku ne ke amsa wannan lamba: mai AC a sunansa shi ake nema, akwai mai N na zango biyu, akwai mai N na 2.4 kaɗai, wanda in ka saya ka koma gidan jiya. An daina sabunta direbansa, ba ya shiga WPA3 a Windows, kuma da tsohon direba ba ya ma ganin rautar Wi-Fi 6 a jerin sai ka sa na ƙarshe da aka fitar. Wanda ke kan Windows 7, ko wanda jerin BIOS ɗinsa ya amince da shi, ya ɗauke shi. Wanda ba shi da waɗannan dalilai, ni dai na fi karkata ga mai ƙwayar AX200, saboda WPA3 da aka ƙaddamar a 2018 yana ƙara zama abin da sababbin rautoci ke zuwa da shi, kuma ba na son ranar da za ta je wani wuri kwamfutarta ta ga Wi-Fi amma ta kasa shiga. Akwai kuma adafta da ke mayar da M.2 ya zauna a mini PCIe, sai dai ga ƙarin tsawo da ba kowane gurbi ke ɗauka ba, ga buƙatar 'yan wayoyin sauya kan eriya. Yawan mahaɗai, yawan wurin da sigina ke zubewa.

Za a tambaye ni me ya hana ni sayen AX210, ƙaninsa da ya fito a ƙarshen 2020 mai ƙarin zangon 6 GHz. Kati ne mai kyau, gurbinsu ɗaya, in shi ka samu ka sa, ba ka yi asara ba. Amma zangon 6 ɗin sai da Windows 11, sai da rautar Wi-Fi 6E, sai kuma ƙasarka ta halatta amfani da shi, ga eriyar tsohuwar kwamfuta da ba don shi aka yanka ta ba. A Windows 10 abin da AX200 ke yi shi zai yi maka. A Linux kuma yana son kernel 5.10 ko sama. BE200 na Wi-Fi 7 ban ma sa shi a lissafi ba. An sha ba da rahoton ba ya tashi a kwamfutocin AMD, kuma abin da zai ƙara wa kwamfutar 2016 bai taka kara ya karya ba.

Wanda katinsa a narke yake, ko BIOS ta rufe masa ƙofa, ko kuma hannunsa na rawa in ya ga ƙananan notuna, adaftar USB ce tasa. Za ta kai shi 5 GHz ba tare da ya kwance komai ba. Sai dai ta cinye masa rami ɗaya, kuma 'yan mitsi-mitsin nan da ba sa leƙowa waje eriyarsu ba ta kai ta saman allo ba, suna zafi in aiki ya yi tsawo, gudu ya sauka. In ita za ka saya, ɗauki mai eriya a waje, ka duba tana da direba na tsarin da kake kai tun ba ka biya ba, musamman in Linux ne, sannan ka kashe tsohon katin na ciki a Device Manager don kada Windows ta riƙa komawa kansa.